Masu ɗaga ƙarfe, wa ya ce muku tuwo ne matsalar?

Wata sabuwa ta ɓullo a cikin samarinmu masu ɗaga ƙarfe. Wai a bar tuwo da shinkafa da wake da ganye, a koma nama zalla safe, rana da dare. Daga Amurka abin ya taso, inda wani likitan ƙashi mai suna Shawn Baker ya shahara wajen yayata shi, yanzu kuma TikTok ya kawo mana shi har ɗaki.

Babu mai musun cewa nama yana gina tsoka, sai dai abin yana da iyaka. Masu binciken motsa jiki sun nuna cewa kusan giram 1.6 na furotin, sinadarin abinci mai gina tsoka, ga kowane kilo na nauyin mutum a rana ya wadatar. Saurayi mai kilo 70 giram 112 ke nan yake nema, abin da rabin kilo na dafaffen naman sa ya fi ƙarfinsa. Duk abin da ya ɗora a kai, ƙarin da zai yi wa damtse kaɗan ne. Kuma ƙwai da kifi da nono da wake da ƙuli-ƙuli duk suna wannan aikin, ba tare da aljihu ya yi kuka ba.

Ƙarfin da kake tura ƙarfe da shi idan hannu ya fara rawa, daga sitacin da tsoka ta ajiye yake fitowa. Wanda ya daina cin hatsi zai ga nauyinsa ya sauka a makonnin farko, ya hau murna, alhali akasari ruwa ne ya tafi. Ku dubi dambe. Sana'ar Rundawa ce tun asali, mutanen da nama ke hannunsu kullum, amma ba mu taɓa jin ɗan damben da ya ƙaurace wa fura da tuwo don ya kai abokin karawarsa ƙasa ba.

Masu wannan ra'ayi suna yawan kafa hujja da Vilhjalmur Stefansson, wani mai binciken yankin ƙanƙara na Arctic, wanda daga 1928 ya shekara guda yana cin nama kawai, likitocin asibitin Bellevue a New York suna lura da shi. Gaskiya ne ya fita lafiya. Abin da ba sa faɗa shi ne, da aka fara ba shi tsoka marar kitse, cikin 'yan kwanaki gudawa ta kama shi, sai da aka ƙara masa kitse ya dawo daidai. Yana kuma haɗawa da hanta da ƙwaƙwalwa da ɓargo. Su biyu ne kacal a gwajin, shi da wani abokinsa, kuma ba gina damtse aka je dubawa ba.

Nama ba shi da dusar da hanji ke buƙata, kitsensa kuma yana iya ɗaga kolestarol, maiƙon da ke iya toshe jijiyoyi, a jini. A 2015 sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya sarrafaffen nama, irin sosej da na gwangwani, cikin abubuwan da ke haddasa kansar hanji, jan nama kuma cikin waɗanda ake kyautata zaton suna haddasawa. Mai ciwon ƙoda ko hawan jini kuwa, ya ga likita a auna jininsa tukuna kafin ya biye wa wani ƙato a bidiyo.