Kircin gado ba daga ƙazanta yake zuwa ba

Da an ga yaro yana susar bayan gwiwa da lanƙwasar hannu har fata ta yi kauri ta yi baƙi, sai a ce uwarsa ba ta yi masa wanka, ko a hana sauran yara zama kusa da shi. Duk kuskure ne. Wannan nau'in kirci, da likitoci ke kira atopik damataitis, ba a ɗaukarsa kamar ƙazuwa ko makero. Yawanci a gidan da akwai asma ko yawan atishawa ake samunsa.

A 2006 masana a Jami'ar Dandi da ke Sikotland suka gano cewa tangarɗa a ƙwayar halittar da ke samar da sinadarin filagirin, mai ƙarfafa fata, tana raunana saman fata. Danshi ya tsere, ƙura da sabulu su kutsa, garkuwar jiki ta harzuƙa. Shi ya sa dirza yaro da soso da sabulun kashe ƙwayoyin cuta ƙara ɓata lamarin yake yi, balle da hunturu.

Abin da ke aiki: wanka gajere da ruwan ɗumi, a shafa basilin tun jiki bai bushe ba, sai man sitiroyid mai rage kumburi da ƙaiƙayi da likita ya rubuta in kircin ya tashi. Man bilicin na kasuwa kuwa sirantar da fata yake. Ga mai tsanani, Amurka ta amince da allurar dupilumab a 2017, sai dai tsadarta ba ta talaka ba ce.