Kuɗin binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ba asara ba ne

Maganar nan ta daɗe tana damuna, ko jiya a majalisa nan Garwa sai da aka maimaita ta, wai kuɗin da ake warewa don bincike kan lafiyar ƙwaƙwalwa na masu takarda ne kawai, gara a sayo magani a raba. Ni dai na fahimce su, wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa mai taɓin hankali ya san tsadar magani.

To amma yawancin magungunan nan akwai su tun da daɗewa, inda gizo ke saƙa shi ne yadda za su isa ga mutum. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Kamaru, galibi suna kudu, mutumin ƙauyen Marwa ya kama hanya har asibitin Jamot a Yaunde, kuɗin mota kaɗai ya isa ya karya shi, ga kunyar kar a ce gidan wane akwai mahaukaci. Binciken yana duba ne ko nas ɗin ƙaramin asibiti za ta iya gane ciwon, me ke sa majinyaci ya daina dawowa bayan wata biyu, nawa za a kashe. Shi ya sa hukumar lafiya ta duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008, wato shirin taimaka wa ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba su iya kula da masu ciwon ƙwaƙwalwa.

A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, su zauna kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu ciwon damuwa. Sai da aka gwada da kuɗin bincike, sakamako ya fito a 2016 cewa abin yana aiki, sannan wasu ƙasashe suka ɗauka.