Wa ke adana abin da Kano ke rubutawa a waya?

Ana yawan kukan cewa wayar hannu ta kashe ɗakunan karatu. Ban yarda ba. Kanawa ba su daina karatu ba, wurin karatun ne ya sauya. Tun shigowar GSM Najeriya a 2001 abin yake tafiya a hankali, har ta kai yau malamin zaure yana buɗe Shamila, manhajar da ta tattara littattafan addini, a kwamfuta ya duba littattafan Larabcin da a da sai ya taka har Kasuwar Kurmi kafin ya samu.

Abin da ke damuna shi ne adanawa.

Dubi littattafan hikaya na Hausa. A shekarun 1990 bugawa ake yi, a kai kasuwa, wanda ya saya ya ajiye a akwati. Yanzu marubuciya tana sakin labarinta shafi-shafi a WhatsApp. Mai karatu ya tura kuɗi ta banki, ya aika shaidar biya, a saka shi a guruf. Ciniki ya yi kyau, ba ruwanta da maɗaba'a. Amma ranar da aka fizge wayar, ko aka rufe guruf ɗin, shi ke nan, littafi ya bi iska. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya miƙa kwafi uku don ajiya. Da takarda a zuciya aka rubuta dokar, labarin WhatsApp kuwa ba ya bi ta wannan ƙofa. Haka karatuttukan malamai da ake turawa a memori a kasuwar waya ta Farm Centre.

A ganina aikin da ya kamata Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad ya ɗauka ke nan, tare da sashen nazarin ɗakunan karatu na Jami'ar Bayero. Jibge kwamfutoci ba shi ne ci gaba ba, domin kwamfutar da babu wuta sai dai a lulluɓe ta da zane saboda ƙura. A fara da sola, sannan a ware ma'aikatan da za su bi marubuta su karɓi kwafi da yardarsu. Marubuciya za ta ji tsoron a raba aikinta kyauta, kuma tana da gaskiya. Sai a rubuta yarjejeniya: a karanta a cikin ɗakin, ba a tura wa kowa.

Su ma rubuce-rubucen ajami da gara ke ci a gidajen cikin birni, a je har gida a ɗauki hotonsu, a bar wa magada takardunsu.