Tayoyi Biyu da Motar da Ta Juya Mini Baya

Na daɗe ina ɗaukar tayar hunturu a matsayin dabarar da masu sayar da taya suka ƙirƙiro domin su riƙa leƙa aljihun mutane sau biyu a shekara. Hujjata ita ce tayoyin da ke jikin motata baƙaƙe ne, na hunturun ma baƙaƙe ne, kuma babu mai kusurwa a cikinsu.

Da na faɗa wa mai gyaran taya haka, bai yi mini dariya ba, sai ya ɗauko ta hunturu ɗaya ya ce in danna da yatsa. Ya bayyana mini cewa robar tayar bazara tana fara taurara da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salsiyas, ko da titi a bushe yake, alhali ta hunturu an haɗa ta da roba mai laushi, an kuma yi mata ƙananan tsagogi masu ɗimbin yawa da ke cizon ƙanƙara. Ya nuna mini tambarin da ake dubawa a gefenta, wato dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiya, sannan ya ƙara da cewa a lardin Quebec na Kanada doka ce ta wajabta sanya ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Na gamsu da bayanin, amma aljihuna ya gamsu da rabinsa kawai.

Nan take na yi wani lissafi da na ɗauka babu wanda ya taɓa yin irinsa. Motata da tayoyin gaba take ja, su ne ke bin sitiyari, kuma su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin birki, saboda haka na ce a sanya mini biyu a gaba. Mutumin ya dube ni a natse ya ce, "Malam, bayan motar fa, ba tare za ku tafi ba?"

Amsar ta zo ne wata safiya a wani shataletale da ruwa ya daskare a kansa. Na karya kan motar a hankali, gaban ya bi umarni cikin ladabi, shi kuwa bayan ya yanke shawarar ci gaba da tafiya ta inda ya nufa tun farko. Kafin in gama salati, motar ta yi juyi kamar mai rawa, ta tsaya tana kallon hanyar da muka fito, ido da ido da wata dattijuwa da ke bin mu a baya, wadda ta ɗaga mini hannu cikin mutunci. Matata, wadda ta ƙanƙame kujera, ta numfasa ta ce, "Maigida, mun fasa zuwa ne?"

Tayoyin baya su ne ke riƙe mota a kan layinta, don haka idan gaba ya fi baya riƙon titi, wutsiyar ce ke zamewa a kwana. Shi ya sa masu ƙera taya ke cewa a sanya huɗun gaba ɗaya. Na koma na sayi sauran biyun, na sake biyan kuɗin aiki, mai gyaran kuma ya yi mini karamcin rashin tada zancen.

A ganina yanzu, duk wanda ke tuƙi inda sanyi ke ɗaukar watanni, kuɗin bai tafi a banza ba, tunda yayin da na hunturu ke aiki na bazara hutawa suke yi. Sai dai na hunturun ba sa hana santsi a kan ƙanƙara mai sulɓi, kuma ƙarfinsu na raguwa idan zurfin zanensu ya gaza milimita 4.

Abin da babu wanda ya gargaɗe ni a kai shi ne wurin ajiya. Tayoyin da aka cire suna buƙatar wuri busasshe da rana ba ta dukansa, kuma a gidanmu falo kaɗai ya cika sharaɗin. Matata ta jera su, ta lulluɓe da mayafi, ta ɗora fure a kai, baƙi suna ta yaba sabon teburin, ita kuma ta riga ta sanar da ni cewa idan bazara ta zo sai dai in nemi wasu.