Injin gurza ba na jikin tsohuwar tirela ba ne

Duk wanda ya sayi tsohuwar tirelar tafiye-tafiye, irin wadda ake ɗaura wa mota a ja, ana kwana ana girki a cikinta, abin da ya fara tsone masa ido shi ne fentin da ya ƙoƙe ya tsattsage, kuma shawarar da zai fara samu ita ce ya sa injin gurza mai samfefa ya gama da shi a wuni ɗaya. Ni dai ban yarda da wannan shawara ba, kuma sai da na yi ɓarna sannan na daina yarda da ita.

Jikin yawancin waɗannan tireloli na alminiyam ne, kaurinsa sau da yawa bai kai milimita 1 ba. A tsofaffin ƙirar Airstream ma, wato wani kamfanin tireloli na Amurka, akwai wani siririn rufi na tsantsar alminiyam a saman ƙarfen, wanda shi ne yake ba da ƙyallin nan kamar madubi, kuma idan samfefa ta cinye shi ba ya dawowa. Na gwada injin a ƙasan taga ɗaya ta tirelata, na ɗaga hannu na tarar da zobe-zoben ƙarzuwa da kawunan ƙusoshi biyu da suka shafe, har yau kuma idan rana ta karkata wurin yana nuna kansa. Feshin yashi ya fi wannan muni, domin yana iya lanƙwasa fallen gaba ɗaya.

Akwai kuma maganar darma, wadda ta fi maganar kyau nauyi. Sai a 1978 Amurka ta hana sa darma a fentin gidaje, tirelar da ta girmi wannan shekara kuwa ta ratsa hannun mutane da yawa, kowa ya shafa mata abin da ya samu. Gurzar irin wannan fenti a bushe tana mayar da shi ƙurar da ake shaƙa, ta bi tufafi ta shiga gida ta iske yara, zafi mai tsanani kuma yana mayar da darmar hayaƙi. Saboda haka a gwada fentin tukuna, kafin a taɓa shi da komai.

Abin da na koma yi shi ne sinadarin cire fenti da haƙuri. Ina shafa shi da kauri a inuwa, yanki-yanki, in lulluɓe da leda don kada ya bushe, in bar shi har fentin ya kumbura ya yamutse, sannan in kankare da abin kankara na roba. Kewayen ƙusoshi sai da buroshi mai laushi, ɗaya bayan ɗaya, kuma nan ne rabin lokacin yake tafiya. Dole a karanta jikin gwangwani, domin sinadarin da yake da soda irin ta haɗa sabulu yana cin alminiyam. Masu cewa sinadarin da ake yi a da ya fi ƙarfi gaskiya suka faɗa, amma ƙarfin nasa daga wani sinadari mai suna methylene chloride yake, wanda ya kashe mutane a rufaffun wurare har Amurka ta hana sayar wa jama'a shi a 2019. Soson ƙarfe ma ba na kusantar da shi, saboda ɓurɓushinsa yana maƙalewa ya yi tsatsa daga baya.

Ban kuma ga dalilin da zai sa kowace tirela sai an tuɓe ta har ƙarfe ba. Wadda aka fito da ita daga masana'anta da fenti, an yi ta ne don fenti, kuma ƙarƙashinsa sau da yawa foti ne da lotsawa da faci. A tawa, bayan na ɗaga rufin fenti uku a gefen ƙofa, na tarar da fentin asali ruwan ƙwai da farin layi a tsakiya, yana nan daram ban da inda ruwa ya zauna. Nan na ajiye abin kankarar, na wanke wurin, na ɗauki hotonsa don a haɗa mini kalar daidai.