Bulowa, yajin tsire da baƙar mota

Kun dai san baƙar Corollar nan 'yar Kwatano, kun kuma san abin da hunturun Kano ke yi wa baƙar mota. Ka wanke da safe, kafin azahar yara sun rubuta "a wanke ni" a gilashin baya. Yaron wajen wanki shi ma omo yake zazzagawa a bokiti, ya ɗauko tsumman da ya goge taya ya bi bonet da shi. Omo yana cinye duk folish ɗin da ke jikin fenti, tsumma kuma yana jan yashi, shi ya sa in rana ta haska motar sai ka ga zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Na kwana a YouTube, gari na wayewa na zama masani, na nufi Sabon Gari.

A shagon na tsaya tsakanin abu biyu. Ga kakin carnauba, wanda ake samowa daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil, ƙyallinsa ya fi daɗin kallo amma a zafin nan namu makonni kaɗan yake yi. Ga kuma feshin seramik mai sinadarin silika, wanda ke kai watanni, har ana iya fesa shi mota na jiƙe a goge, ya sa tawul ya riƙa sulɓi. Ina ta lissafi mai shago ya ce, "Yallaɓai, ai ba kishiyoyi ba ne, ɗauki duka." Na ɗauka. Na haɗa da sabulun mota na ruwa, bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, da tawul ɗin maikurofaiba mai kauri wanda uwargida na gani ta ce ya dace da jaririya. Sai bulowa, wato na'urar lantarki mai hura iska, don busar da motar. Dalilina mai ƙarfi ne: abin da bai taɓa fenti ba ba zai zana shi ba, ga shi iska na fito da ruwan da ke maƙalewa a madubi da hannun ƙofa.

Sharaɗin farko dai a yi aikin a inuwa. Ruwan burtsatsen da 'yan ga-ruwa ke kawo mana yana da gishiri-gishiri, in ya bushe a fenti mai zafi sai ya bar fararen ɗigo da ba sa fita da daɗi. Inuwa ɗaya ce a layinmu, ta darbejiya, kuma kun san wa ya mallake ta.

Alhajin kwana da 504 ɗinsa. Motar nan haɗin Kaduna ce, tun zamanin da kamfanin Peugeot ke tashe, kuma rabon da wani ya ji ƙarar injinta tun kafin a aurar da babbar 'yarsa. Tayoyin sun zauna, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, tsuntsaye sun yi wa rufin ado. Amma kullum da safe sai ya fito da abin kaɗe ƙura na gashin jimina ya bi ta da shi a bushe, abin da duk mai ilimin fenti ke cewa kada a kuskura. Darbejiyar ma ba shi ya dasa ba, mahaifina ne, dattawan layin duk shaida ne. Na taɓa roƙonsa da ladabi mu tura ta gaba ko taku biyar ne, ya ce ai bakanike na zuwa ranar Litinin. Bai dai faɗi wace Litinin ba. Tsaninmu na ƙarfe ma yana gidansa tun gyaran indararo, wannan kuma zancen wata rana ne.

Dole na jira la'asar sakaliya, na faka a inuwar katangar bakin layi, dab da inda mai tsire ke kafa tukubarsa. 'Yan majalisa na kan tabarma, Alhaji na kan kujerarsa ta roba da carbi. Na yi wanki na gani na faɗa, daga sama zuwa ƙasa, taya a ƙarshe. Na fesa seramik ɗin a jiƙe. Na jawo waya daga shagon mai caji, na jona bulowa, na matsa kunamar, na danna ɗan maɓallin gefe da ke riƙe ta a kunne. Shiru. NEPA sun ɗauke.

Alhaji ya ce, "Injiniya, wannan bindigar ta mece ce?"

Kowa ya san in ya ce Injiniya ba yabo yake ba. Amma mutane sun zuba ido, ga ilimi na cina, sai na hau bayani. Na ce ƙura ita ce babbar abokiyar gabar fenti. Na ce duk abin da ke yawo a iska, in ya sauka a jiƙaƙƙiyar mota, mannewa yake. Don su gane da kyau na ɗaga bulowar na nuna misali da ita, na saita bakinta daidai tiren yajin mai tsire, wanda ya tula shi tsibi guda yana shirin barbaɗa wa nama. Na ce, "Kamar wannan yajin, a ce iska ta..."

Yaran layi suka kwashe da ihu: "NEPA!"

Jama'a, ban taɓa sanin yaji na tashi sama haka ba. Tulin nan gaba ɗaya ya miƙe tsaye, ja-ja-ja, ya yi wani gajimare. Mai tsire ya yar da wuƙa ya dafe ido yana "Innalillahi! Maigida! Maigida!" Ni kuma ina ta matsa kunamar, ita kuma a kulle take, na manta cewa matsa ta za a yi sosai a saki. Na juya don in kawar da ita daga kansa, sai na share majalisa da ita daga dama zuwa hagu, hular malamin makarantar allo ta faɗa kwata, jaridar da ake naɗe tsire ta bi iska har gidan liman. Na sake juyawa, sai ƙasar layin da ba kwalta ta tashi ta haɗu da yajin, duka suka sauka a kan motar da na gama fesawa. Mutum kusan goma na atishawa a tare. Wani yana cewa a cire waya, wani yana cewa a'a a kashe mita, mai caji ya fito yana ihun kada a taɓa masa soket wayoyin mutane na kai. Ni ina tsaye a tsakiya, hawaye na zuba, majina na zuba, hannuna na sama da abin yana ta ruri, kuma har a lokacin bakina bai daina cewa "ku yi haƙuri, maɓallin ne" ba.

Wani yaro ɗan firamare ne ya zo ya karɓa ya latsa sau ɗaya ta mutu.

Alhaji bai ko motsa daga kujera ba. Ya yi atishawa uku, ya ce alhamdulillahi uku, ya jira sai da aka yi tsit, sannan ya dubi motar da ta koma ruwan ƙasa-ƙasa da ja, ya ce, "Ka ga kuwa gaskiyarka, Injiniya. Ya manne."

Wannan maganar ta fi yajin zafi. Mutumin da kaji ke ƙwai a motarsa!

Yajin tsire akwai ƙuli a ciki, ƙuli kuma akwai mai, don haka ɗauraya ba ta fitar da shi ba, sai da na sake sabon wanki da fitilar waya bayan isha'i, 'yan ga-ruwa sun tashi, na kwashe ruwan randar gida. Gwangwanin carnauba ban ma buɗe shi ba har yau. Na biya kuɗin yaji, na sayi tsiren da ba ni da niyyar saye don a wuce wajen, ƙanin uwargida kuma ashe ya ɗauki bidiyo, in ya turo muku kada ku buɗe.

Jiya mai tsiren ya aiko yaronsa wai ko zan sayar masa da bulowar, zai riƙa hura gawayi da ita. Na ce zan yi shawara. Tawul ɗin dai yana wajen jaririya.