Kunya ce ta kayar da shi, ba rashin sani ba

Shekaranjiya mu uku muka yini a buro, a nan Filato, cikin Yamai, muna ganawa da masu neman aikin kula da magaza, wato ɗakin ajiyar kaya. Mutum bakwai aka kira daga cikin tulin dosiye. Tun da na koma gida abin yake cina a rai, don wanda takardunsa suka fi na kowa kyau shi ne ya fi ba mu wahala.

Yaro ne natsattse. Ya yi lisans, ya yi serbis sibik, wato bautar ƙasa, na shekara biyu a wata ma'aikata. Ya shigo da sallama, ya tsaya har sai da aka ce ya zauna, ya ɗora ambulan ɗin takardunsa a kan gwiwa ya riƙe da hannu biyu. Shugabarmu ta ce ya gabatar da kansa. Ya faɗi sunansa, da sunan mahaifinsa, da garin da aka haife shi, da shekarar da ya ci bak. Sai ya yi shiru, idonsa a kan takalminsa. Na ce, "Malam, cikin shekara biyun nan me ka yi da hannunka?" Ya ce, "Ai duk abin da aka sa ni shi nake yi." Sai da muka yi ta jansa kamar ana jan guga a rijiyar Adar kafin ya furta cewa shi kaɗai ya sake ƙirga kayan magazarsu kaf, ya zuba su a Excel, ya gano katan-katan na magani da lokacinsu ya kusa cika, aka raba su kafin su lalace. Ainihin aikin da muke nema wa mutum ke nan fa! Amma sai da aka ci minti ashirin ya faɗe shi, da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai amsa laifi.

Ban ga baƙinsa ba, don gida ɗaya ya raine mu. An koya mana kar ka ƙura wa babba ido, kar ka riga shi magana, kuma yabon kai jahilci. Tarbiyya ce mai kyau, ni ma ita nake ba ƴaƴana. Sai dai ɗakin antiretiyan, wato ganawar neman aiki, ba zauren kakanka ba ne. Mutanen da ke gabanka ba su san ka ba, ba su san gidanku ba, rabin sa'a kawai gare su, kuma a ƙarshe kowannensu zai cika takardar maki. Abin da ba ka faɗa ba, babu gurbin da za a rubuta shi.

Abin da matasanmu suka kasa rabewa shi ne alfahari daban, ba da labari daban. In ka ce "ni ƙwararre ne, ina da ƙwazo, ina son aiki", to wannan yabon kai ne, kuma yawancin mutum bakwai ɗin sun faɗi haka, har na haddace. In kuwa ka ce "a wuri kaza na tarar da rajistar kaya ta yi wata uku ba a cika ba, na zauna sati biyu na daidaita ta, daga nan aka daina sayen abin da ake da shi", ba ka yabi kanka ba. Shaida ka bayar, mai sauraro ne zai yanke hukunci. Ko a gaban sarki ana ba da shaida, ba wanda ya ce rashin kunya ne. Saboda haka shirin ganawa na gaskiya, a ganina, shi ne ka zauna da biro da takarda ka tono labarai uku ko huɗu na abin da ka taɓa yi, kowanne da wurinsa da adadinsa da yadda ya ƙare. Wanda bai taɓa aikin albashi ba ma yana da su: istaj na koyon aiki, riƙon kuɗin ƙungiyar ɗalibai, tsaron shagon yayanka a kasuwar Wadata, koyar da yara da yamma. Ɗaya daga cikin labaran ya zama na kuskuren da ka yi ka gyara, don tambayar za ta zo, kuma mai cewa bai taɓa kuskure ba ya sa mu shakkar sauran zancensa.

Sannan ka faɗe su da baki, da ƙarfi, ba a zuci ba. Nan ne ni na sha ƙasa. Ganawata ta farko daga Tawa na taso, fiye da kilomita 500, ta Konni da Dogonduci da Doso, na sauka gidan kawuna a Harobanda da ƙura har cikin kunne. Duk tsawon hanya ina bitar amsoshi a kaina, Faransancina yana gudu kamar ruwa. Da safe taksi ya maƙale a gadar Kennedy bayan wata amalanke, na isa da jiƙaƙƙiyar riga saura minti biyu. Aka yi mini tambayar farko, sai harshe ya ƙi tashi. Jimlar da ta yi daɗi a cikin mota ta zo wuya ta tsaya. Da na koma, kawu ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin ɗan kokowa ya yi shirin gasar Takobi a kwance?" Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini neman shawara sai na zaunar da shi a kujera, na ɗaure fuska, na yi masa tambayoyin. A fada ma ana iya yi: kafin shayi na biyu ya nuna an gama zagaye ɗaya, in dai abokan za su iya riƙe dariya.

Tunda zancen harshe ya zo: kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. A ɗakin ganawa dai har yanzu Faransanci ya fi yawa. Amma abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda masu nema suke ɓoye Hausarsu da Zabarmancinsu da Fulatancinsu da Tamashek can ƙasan takarda, kamar abin kunya. Aikin karkara da su ake yin sa. Mun sha ce wa mutum, "Ga maigari a gabanka, yi masa bayanin wannan shiri da Hausa," sai ka ga mai mastar yana in-ina, rabin maganarsa Faransanci. Wannan ma a gwada shi a gida, a gaban inna. In ta gane, maigari zai gane.

Maganar takardu ba ta buƙatar dogon zance, sai dai kar a bar ta sai ana gobe. Kaziye judisiyer, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka, yawanci wanda bai wuce wata uku ba ake so. Takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, kwafin difloma da aka buga wa hatimi, da katin ANPE, hukumar kula da masu neman aiki, in sanarwar ta nema. Sanarwar kanta, ko a jaridar Le Sahel ka gan ta ko a WhatsApp aka turo maka, ka ajiye ta ka karanta layi-layi, domin rabin tambayoyinmu daga cikinta muke ciro su. Kuma duk wanda ya kira ka ya ce ka tura kuɗi ta waya kafin a sa sunanka a jerin ganawa, kashe wayarka.

Sai albashi, inda kunyar take kai ƙarshe. "Nawa kake sa ran a biya ka?" Amsar da na fi ji ita ce, "Duk abin da kuka ba ni." Wallahi ba ladabi muke ji a cikinta ba, muna jin mutumin da bai bincika ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun Janairun 2024, wannan shi ne ƙasan rijiya, ba farashinka ba. Tambayi masu irin aikin, ka zo da adadi tsakanin kaza da kaza. Ka kuma tambaya ko adadin da aka faɗa maka kafin a cire kason CNSS (asusun fanshon ma'aikata) da harajin albashi ne ko bayan an cire, don da yawa sun yi murna a ɗakin, ƙarshen wata suka ga abin ya rame. Kwantiragin mai wa'adi ne ko marar wa'adi, wata nawa ne gwaji, duk tambayoyi ne na mai hankali, ba wanda zai rage maka maki a kansu.

Na san abin da wasu za su ce: duk wannan ɓata lokaci ne, aiki a Yamai sai da PAC, dangi da abokai da sanayya. Ba zan yi musu ba, akwai shi, na gan shi da idona, ya taɓa cin ni ma. Amma ba kowace kujera ce aka riga aka sayar ba, kuma ranar da ka faɗa kan wadda ba a sayar ba, ba a buga maka ganga tun da dare. Na ga mutane sun shigo da fuskar "ai an riga an gama", suka amsa da gatsali, alhali mu muna zaune muna addu'ar Allah Ya kawo wanda za mu ɗauka mu huta.

Yaron nan dai na biyu ya zo, da tazarar maki kaɗan. Wata yarinya ce ta ɗara shi, takardunta ba su kai nasa ba, amma ta zo da labarinta a shirye, ta dube mu ta faɗe shi, ta kuma yi godiya da ladabin da ko surukai ba za su kushe ba. Sunansa yana jerin jira. Na roƙi shugabarmu in an rufe dosiyen ta bar ni in kira shi, in zaunar da shi a kujerar nan ta tsakar gidana, mu fara da katan-katan ɗin maganin.